Takarda Kafin Fatiha: Nazarin Lamarin Wani Masallaci da Ƙudirin Gwajin Aure a Kano

Wannan rubutu ya bi sawun wani masallacin Juma'a ne da ke ɗaya daga cikin unguwannin da suka taso a gefen birnin Kano, tun daga lokacin da limaminsa ya fara damuwa da abin da ke biyo bayan wasu aurarrakin da yake ɗaurawa, har zuwa bayan da ƙudirin gwajin lafiya kafin aure ya fito daga zauren majalisar dokokin jiha ya zama doka. An sakaya sunan unguwar da na mutanen da abin ya shafa, domin magana ce ta ciwo da sirrin gida. Ina cikin kwamitin masallacin, kuma littafin ɗaurin aure a hannuna yake, saboda haka yawancin abin da zan faɗa a gabana ya faru.

Yadda aka saba

Mazauna unguwar 'yan kasuwa ne na Kantin Kwari da Singa, da ƙananan ma'aikata, da masu sana'ar hannu. Ana ɗaura aure bayan an idar da sallar Juma'a, ko kuma da hantsin Asabar da Lahadi, kuma aure yakan yi yawa ƙwarai a watan Sha'aban da makonnin da ke bayan Sallah. Tambayoyin da liman yake yi ba su canza ba tun zamanin magabacinsa: wane ne waliyyi, wane ne wakilin ango, nawa ne sadaki, lakadan ne ko ajalan, idan kuma bazawara ce ko ta gama idda. Da an amsa waɗannan, sai a yi siga, a shafa fatiha, a raba goro da alewa. Babu wanda ya taɓa tambayar abin da ke cikin jinin ango ko na amarya, kuma auren zumunci, wanda iyaye ke alfahari da shi, yana da yawa a unguwar.

Ciwon sikila, wanda tsofaffinmu ke kira amosanin jini, gadonsa ake yi daga uwa da uba a tare. Mai jinin AS, wato wanda ya gaji sikila daga ɗaya cikin iyayensa kawai, lafiyarsa ƙalau, yana iya rayuwa har ya tsufa bai san yana ɗauke da komai ba, amma idan ya auri mai AS irinsa, kowane ciki da aka samu yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato ciwon sikila kansa. Wani rahoto na Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2006 ya ƙiyasta cewa kashi 24 cikin ɗari na 'yan Najeriya suna ɗauke da wannan gado, kuma ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da ciwon a kowace shekara. A sahu ɗaya na masallacinmu ke nan, idan mutum arba'in suka jeru, kusan goma daga cikinsu na iya zama masu AS ba tare da sun sani ba.

Gidan da ya sa liman ya fara tambaya

Wani tela ne, mai shago a bakin titi, ya auri 'yar ƙanen mahaifinsa, kuma liman ne ya ɗaura auren a farkon shekarunsa na limanci. 'Yar fari ta zo lafiya. Na biyu, namiji, yana cikin wata na bakwai hannayensa da ƙafafunsa suka kumbura, ya riƙa kuka dare da rana. Wannan shi ne lokacin da ciwon ya saba bayyana, domin jinin da jariri ke zuwa da shi daga ciki yana kare shi a watanni shida na farko. Aka ce sanyi ne, aka ce shawara ce saboda idonsa ya yi rawaya, aka jiƙa sassaƙe, aka karɓo rubutu. Sai da aka kwantar da shi a asibiti aka yi masa ƙarin jini sannan aka gaya wa iyayen sunan ciwon.

A nan telan ya yi kuskuren fahimta da mutane da yawa ke yi. Da aka ce masa ɗaya cikin huɗu, sai ya ɗauka cewa tunda an samu ɗayan, ukun da za su biyo baya sun tsira. Ba haka lissafin yake ba, kowane ciki da nasa rabon, kamar ba a taɓa yin wani kafinsa ba. Ta ukun, mace, ita ma ta zo da SS, ta kuma rasu tana shekara huɗu a wani hunturu mai tsanani, bayan kwana uku tana zazzaɓi da ciwon ƙirji. Matan unguwa suka fara raɗe-raɗin cewa 'yar wabi ce. Kafin wannan lokacin telan ya riga ya sayar da ɗaya daga cikin kekunan ɗinkinsa biyu saboda kuɗin jini da na gado.

Liman ne ya sallaci gawar, shi ne kuma ya raɗa wa yarinyar suna. Ranar sadakar uku, bayan mutane sun watse, telan ya matso kusa da shi ya ce: "Allah gafarta Malam, ban ja da hukuncin Ubangiji ba. Amma likita ya ce da an duba jininmu kafin aure, da an sani. Me ya sa ba wanda ya gaya mana?" Liman ya ba ni labarin wannan tambaya sau da yawa a shekarun da suka biyo baya, kuma kullum yakan ƙara da cewa bai sami amsar da zai ba shi ba a ranar.

Yunƙuri na farko: wa'azi

Abin da liman ya fi iyawa shi ya fara yi. Ya sa maganar a huɗuba, ya kuma dawo da ita a karatun bayan magariba. Hujjojinsa ba baƙi ba ne ga masu sauraro: hadisin da ya ce babu cuta babu cutarwa, da hadisin mutumin da aka umarta ya ɗaure raƙuminsa sannan ya yi tawakkali, da kuma abin da malaman Malikiyya suka daɗe da tabbatarwa cewa akwai aibobi irin su hauka da kuturta da albaras waɗanda ke ba miji ko mata zaɓin warware aure idan an ɓoye su. Ya ce idan magabata sun kula da ciwon da ido ke gani, ba abin mamaki ba ne mu kula da wanda na'ura ke gani.

Mutane sun saurara, sun gyaɗa kai, amma cikin shekaru da dama ba a fi ƙirga da yatsu ba waɗanda suka je gwaji saboda wa'azin. Da muka bi diddigi sai muka gano cewa ba taurin kai ba ne. A kunnen jama'a, kalmar gwaji ta riga ta haɗu da cutar ƙanjamau, don haka duk uban da ya ce wa dangin saurayi a je a yi gwaji, kamar ya zargi ɗansu da neman mata ne, kuma duk wanda ya nemi a gwada budurwa ya ci mutuncin gidansu. Kowa ya yarda abu ne mai kyau, amma ba wanda yake so ya zama na farkon buɗe baki a gaban surukai.

Yunƙuri na biyu: ƙa'idar kwamiti

Ganin haka sai kwamiti ya yanke shawarar ɗauke wa iyaye nauyin. Aka rubuta sanarwa aka manna a jikin ƙofar masallaci cewa ba za a ƙara ɗaura aure a nan ba sai an kawo takardar gwajin jinin ango da amarya. Ƙa'idar ba ta cika shekara ba ta mutu, kuma ta hanyoyi uku ta mutu.

Ta farko ita ce, a shari'a liman ba sharaɗin aure ba ne. Idan akwai waliyyi da sadaki da shaidu da siga, aure ya ɗauru ko a ƙofar gida ne. Duk wanda bai so ƙa'idar ba sai ya shimfiɗa tabarmi a layinsu ya kira wani malami, ko ya tsallaka masallacin unguwar gaba. Littafina ya nuna haka ƙarara, domin shafukan watan Sha'aban na wannan shekarar sun kusa zama fanko.

Ta biyu ita ce takardun da aka riƙa kawowa. Wani dattijo ya miƙo mini takardar ɗansa da murna yana cewa an duba, jininsa O ne. Rukunin jini ne aka gwada, wanda ake buƙata wajen ƙarin jini, ba jinotaif ba, wato gwajin da ke nuna ko mutum ya gaji sikila, kuma mu kanmu a lokacin ba dukkanmu muka san bambancin ba. Wasu takardun kuma an samo su ne daga ƙananan ɗakunan gwaji ba tare da an ɗebi jinin kowa ba, an biya kuɗi an rubuta AA, wato jinin da babu gadon sikila a cikinsa. Akwai ma wanda aka gwada da gaske amma sakamakon ya zo ba daidai ba, domin wani gwajin da ake yi cikin gaggawa yana nuna akwai sikila a jini ne kawai, ba ya rarrabe AS da SS, kuma wanda aka yi wa ƙarin jini a 'yan watannin baya yana iya fitowa da sakamakon da ba nasa ba.

Ta uku ita ta fi ciwo. Wani attajiri da ya yi wa masallacin rufi ya zo aurar da 'yarsa, ya ce ba za a kai ta asibiti a tona mata asiri ba. Liman ya yi ta lallashi har kwana biyu, daga baya ya ɗaura. Daga ranar ba wanda ya ƙara iya tsayawa a kan ƙa'idar, domin talaka ya ga cewa shi kaɗai take ci. Takardar ta zauna a jikin ƙofa har ruwan damina ya wanke rubutun.

Oktoba 2023: auren gata

A watan Oktoba na 2023 gwamnatin jiha ta aurar da ma'aurata 1,800 a shirin auren gata da hukumar Hisbah ke gudanarwa, shirin da aka fara tun 2012 da sunan auren zawarawa. Gwajin lafiya sharaɗi ne na shiga shirin, kuma wasu daga cikin 'yan unguwarmu sun shiga. Abin da ya ja hankalin kwamiti shi ne, iyayen da suka ƙi takardar ƙofar masallaci su ne suka raka 'ya'yansu layin gwaji ba tare da gunaguni ba. Ba wanda ya ce an ci mutuncinsa, domin kowa aka gwada, kuma ba suruki ne ya nema ba. Liman ya ce mana a wani zama cewa wa'azinsa bai yi ƙarya ba, ƙa'idarmu ma ba ta yi ba, abin da suka rasa shi ne hannun da ya fi na unguwa tsawo.

Watannin farko na 2024: ƙudiri a gaban majalisa

A rediyo muka fara jin cewa majalisar dokokin jihar Kano, ƙarƙashin kakakinta Jibrin Isma'il Falgore, tana duba wani ƙudiri da zai wajabta gwajin lafiya kafin aure. Majalisar tana da kujeru 40, wanda shi ne adadi mafi yawa da sashe na 91 na tsarin mulkin 1999 ya yarda majalisar jiha ta samu. Ƙudiri yakan bi matakai sanannu. A karatu na farko sunansa kawai ake gabatarwa. A karatu na biyu ake muhawara kan manufarsa, a ga ko ya cancanci a ci gaba da shi. Daga nan sai a miƙa shi ga kwamiti, inda ake bin sa sashe bayan sashe, kuma a nan ne ake iya sauraron jama'a da masana, a ƙara wani abu ko a cire. Bayan karatu na uku sai a aika wa gwamna, wanda sashe na 100 ya ba shi kwana 30 ya sa hannu ko ya bayyana ƙin amincewarsa, idan kuma ya ƙi, kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar na iya mayar da ƙudirin doka ba tare da shi ba.

Na jero waɗannan matakai ne domin a lokacin ba mu san su ba, kuma rashin sanin ya yi mana tsada.

Maganar ta mamaye majalisar dattawan da ke zama a gindin darbejiyar masallaci bayan la'asar. Wasu suka ce gwamnati ta shiga hurumin da ba nata ba, aure ibada ne, kuma ƙara masa sharaɗi ƙara wa matasa nauyi ne a lokacin da tsadar rayuwa ta riga ta hana da yawa yin auren. Wasu suka ce shugaba yana da ikon taƙaita halal saboda maslahar jama'a, suka kawo misalin allurar rigakafin da ake wajabta wa maniyyata aikin Hajji ba tare da kowa ya ce an ƙara rukuni a Hajji ba. Telan yana zuwa wannan zama, amma bai cika magana ba. Ranar da gardama ta yi zafi, wani ya ce ai kakanninmu sun yi aure ba gwaji kuma ga mu nan, sai telan ya ce: "Yaya, mu da muka rayu ne muke nan. Waɗanda ba su rayu ba suna can bayan gari, na san kabarin ɗaya."

Kwamiti ya zauna sau biyu a kan batun, kuma saboda mun riga mun ƙone hannu a kan ƙa'idarmu, mun san inda irin wannan doka za ta iya yin tuntuɓe. Muka rubuta wasiƙa mai shafi biyu da buƙatu uku. Ta farko, a sauƙaƙa kuɗin gwajin ko a ɗauke shi a asibitocin gwamnati, domin duk abin da ya yi wa talaka tsada zai nemi hanyar kauce masa. Ta biyu, a fitar da jerin wuraren da aka amince da su, da takarda iri ɗaya mai hatimi wadda liman zai iya ganewa, tare da tsare sirrin sakamakon. Ta uku, wadda wata ma'aikaciyar jinya 'yar unguwar ta nuna mana, ita ce a raba gwaje-gwajen gida biyu. Jinotaif ba ya canzawa tun daga haihuwa har mutuwa, don haka ya kamata a san shi tun kafin a fara maganar aure, a makaranta ma idan zai yiwu. Ƙanjamau da ciwon hanta kuwa ana iya ɗaukarsu a kowane lokaci, don haka gwajinsu sai dab da aure yake da amfani.

Mutum biyu suka kai wasiƙar ofishin mazaɓa, suka bar ta a hannun wanda suka tarar, suka dawo. Ba mu nemi kwafin ƙudirin mun karanta ba, ba mu tambayi wane kwamiti ne ke riƙe da shi ba, ba mu kai kwafi ga magatakardan kwamitin ba, ba mu kuma haɗa kai da ƙungiyoyin masu sikila ko sauran limamai ba, waɗanda da sun ƙara wa muryarmu nauyi. Azumi ya kama a watan Maris, hankalinmu ya koma kan tafsiri da ciyarwa, Sallah ta zo a watan Afrilu, kuma labari na gaba da muka ji shi ne na sa hannu.

Mayu 2024: doka

Gwamna Abba Kabir Yusuf ya rattaba hannu a kan dokar ranar 6 ga Mayu, 2024, ta kuma fara aiki ranar 13 ga watan. Ta wajabta wa duk mai niyyar aure gwajin ƙanjamau, da ciwon hanta nau'in B da C, da jinotaif, ta hana ɗaura aure ba tare da takardar shaida daga cibiyar lafiyar da gwamnati ta amince da ita ba, ta kuma haramta ƙyama ko nuna bambanci ga masu ɗauke da waɗannan cututtuka. Wanda ya saɓa yana iya fuskantar tarar da ta kai naira 500,000, ko ɗaurin shekara 5, ko duka biyun.

Liman ya sanar da jama'a a huɗubar Juma'ar da ta biyo baya. Kwamiti ya ƙara layi biyu a littafin ɗaurin aure, ɗaya na ranar gwaji, ɗaya na sunan asibiti, muka kuma amince cewa ba za a rubuta sakamakon kowa a littafin ba. An ce a kawo takarda mako guda kafin ranar aure, a ba liman hannu da hannu a zaurensa, ita kuma ma'aikaciyar jinyar ta duba ta tabbatar gwajin da ake nema ne aka yi. A wannan karon ba a gudu zuwa unguwar gaba ba, domin malamin can ma yana tsoron tarar. Attajirin da ya karya ƙa'idarmu ya aurar da wata 'yar a cikin wannan shekarar, kuma direbansa ne ya kawo takardun tun kafin a tambaya.

Bayan Babbar Sallah: auren da takarda ta zo a makare

An sa auren ranar wata Asabar, takardu suka zo ranar Talata. Ango AS, amarya AS. An riga an kai lefe, an raba katin gayyata, an yi jere a ɗakin amarya, dangi sun fara isowa daga ƙauye. Aka sake gwaji a wani asibitin daban, sakamako bai canza ba. Liman ya tara iyayen biyu a zaurensa da daddare, ya kira telan ya ba su labarinsa da bakinsa, ma'aikaciyar jinyar kuma ta zana musu lissafin ɗaya cikin huɗu a bayan wata ambulan. Mahaifin yarinyar ya daɗe kansa a sunkuye, sannan ya ce: "Allah gafarta Malam, na ji duk abin da aka faɗa. Amma kwana huɗu ya rage. Me zan ce wa mutane? Za a ce wani mugun abu aka gani a jikin 'yata."

An ɗaga auren da sunan rashin lafiyar wata kaka. Bayan mako uku muka ji an ɗaura shi a garin kakannin angon, a wata jiha maƙwabciya. Suna zaune a unguwar yanzu, kuma ma'aikaciyar jinyar ta roƙe su, idan Allah ya kawo haihuwa, a gwada jaririn da wuri domin a fara kula da shi kafin ciwo ya nuna kansa.

A cikin waɗannan watanni an kuma sami wani ango da ciwon hanta nau'in B wanda bai san yana da shi ba. Wannan bai zama tashin hankali ba, an haɗa shi da likita, an fara yi wa amarya allurar rigakafi, aka ɗan jinkirta auren sannan aka ɗaura.

'Yar telan

'Yar farin telan, wadda ta taso tana ganin ƙaninta yana murƙususu a kan tabarma, ta san tun tana makarantar sakandare cewa ita AS ce. Da saurayinta ya ce zai turo magabatansa, mahaifinta ya aika masa cewa kafin a kawo ko kuɗin gaisuwa, ya je ya duba jininsa. Telan ya gaya mini cewa shekara biyu da suka wuce ba zai iya furta wannan magana ba, amma yanzu abin da ya ce kawai shi ne doka ce, kuma tunda ba makawa sai an yi, gara a yi tun ba a kashe ko sisi ba. Kawun yaron bai ji haushi ba, ya ce gaskiya ne.

Yaron ya fito AS. An yi kuka, yarinyar ta yi kwanaki ba ta cin abinci sosai, amma ba a kai lefe ba, ba a sa rana ba, kuma waɗanda suka san dalilin rabuwar ba su wuce mutum shida ba. Bayan wasu watanni wani ya fito, aka gwada shi a wurare biyu, duka suka nuna AA. Da ranar aure ta matso, su biyun suka koma suka yi cikakken gwajin da doka ta nema, aka kawo takarda, na rubuta rana da sunan asibiti a littafi. Ƙaninta mai sikila, wanda yanzu ya zama saurayi kuma yana koyon ɗinki a shagon mahaifinsu, shi ya raba alewa a ranar.

Hukunci

Ina ganin dokar ta yi abin da wa'azi da ƙa'idar unguwa suka kasa, amma ba ta hanyar tara ko ɗauri ba, domin a unguwarmu ba a kama kowa ba. Aikinta shi ne ta cire zargi daga cikin tambayar. Da can mai neman gwaji yana tuhumar surukinsa ne, yanzu kuwa yana cika sharaɗi ne kamar kowa. Ta kuma toshe ƙofar gudu zuwa masallacin gaba, ta daidaita attajiri da talaka a gaban liman, waɗanda su ne ramuka biyu da ƙa'idarmu ta faɗa. Wa'azin shekarun baya ma bai tafi a banza ba, shi ya sa da dokar ta zo mutane suka karɓe ta a matsayin abin da malaminsu ya daɗe yana faɗa, ba baƙon abu daga sama ba.

Inda ta gaza a wurinmu shi ne lokaci. Takardar da ake nema a bakin ɗaurin aure tana isowa ne bayan an kashe dukiya, an sanar da duniya, zukata sun ɗauru, kuma a wannan matsayi kunya ta fi lissafin likita ƙarfi. Aure biyun da na bayar sakamakon gwajinsu iri ɗaya ne, AS da AS, abin da ya raba su shi ne ɗaya an sani saura kwana huɗu, ɗayan kuma an sani tun ba a fara ba. Wanda ya yi nasarar ma ba nassin dokar ya bi ba, uba ne da ya riga ya binne 'ya ya ari sunan dokar ya matso da gwajin gaba. Matsalar takardun bogi da gwajin da ba shi da inganci ita ma ba ta ƙare ba, kuma liman ba shi da hanyar gane su idan ba a sami mai ilimin abin a kusa ba.

Laifin da nake ɗora wa kanmu shi ne na watannin da ƙudirin yake gaban majalisa. Muna da abin da 'yan majalisa ba lalle su samu a takarda ba, wato shekarun da muka yi muna gwada irin wannan ƙa'ida muna ganin inda take karyewa, amma muka ajiye shi a kan teburin da ba a nan ake aikin ba, muka juya. Doka tana karɓar gyara ta hanyar matakan da aka bi aka yi ta, saboda haka kwamiti ya sake buɗe wasiƙar. An ɗora wa mutum biyu neman kwafin dokar da sunan kwamitin lafiya na majalisar, liman ya ɗauki nauyin tuntuɓar limaman masallatai huɗu da ke kewaye da mu domin su sa hannu, ita kuma ma'aikaciyar jinyar tana magana da shugabar makarantar 'yan mata ta unguwar kan yadda za a gwada jinotaif ɗin ɗaliban ajin ƙarshe da izinin iyayensu kafin su fita.